Ba kowane dube-dube ne research ba

Kalmar research na cikin kalmomin da muke yawan furtawa a makaranta da wajen aiki, amma sai da na zo rubuta furojet ɗina na gane nauyinta. Mu da Hausa bincike kawai muke cewa, ɗan sanda bincike, likita bincike, wanda ya yar da makulli ma bincike yake, su kuwa Turawa sun rarraba, neman abin da ya ɓata search, na 'yan sanda investigation, shi research sun fi keɓe shi ga neman ilimi bisa tsari. Daga Faransanci suka aro ta tun ƙarni na 16, asalinta nema ne da naci, a bi abu a zagaye shi.

Wajen amfani da ita a jimla akwai inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe. A Turancin yau ba a cika ƙirga ta ba, ba a cewa "a research", sannan "do" ko "conduct" ake haɗa ta da su, "make" ba ya shiga. Wannan cikin sati ɗaya mutum zai riƙe.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ranar da malamin da ke duba aikina ya karanta babi na biyu, shafi bayan shafi duk maganganun masana ne na jera, ya ɗago ya ce, "To yarona, ina tambayarka take? Duk wannan sun riga sun faɗa, kai me kake son ganowa?" Na ce, "Malam ai karatun na tara." Ya ce tarawa matakin farko ne kawai.

Shi ya sa labarin John Snow, wani likitan Ingila, ke burge ni wallahi. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho a Landan, lokacin yawancin likitoci sun yarda gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta, shi kuwa yana zargin ruwa ne, sai ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗebo ruwa, ya zana taswira, ya ga mace-macen sun taru a kewayen famfon titin Broad. Amma bai tsaya nan ba, ya je ya nemi abin da zai iya rusa zarginsa. Akwai wata mata can Hampstead, nesa da unguwar, da cutar ta kashe, da ya bi diddigi ashe daga wannan famfon ake kai mata ruwa saboda tana son ɗanɗanonsa. Hukuma ta cire hannun famfon a watan Satumba.

Wannan neman hujjar da za ta iya ƙaryata ka shi ne na ga mutane na gudu. Yanzu mutum zai buɗe Google minti biyar, ya ɗauki shafin farko da ya goyi bayan ra'ayinsa, ya zo yana cewa ya yi research, kuma abin na damuna sosai don a kan irin wannan ake yanke shawarar lafiya da ta kuɗi. Ni dai yanzu duk wanda ya ce min bincike ya nuna, sai na tambaye shi wa ya yi, mutum nawa aka gwada, ta wace hanya, kuma in wani ya sake bin hanyar zai samu abu ɗaya?