Godiya ga waɗanda suka kama mana gicciye

Salama a gare ku 'yan'uwa. Maigidana ya dawo gida, da ƙafa ɗaya da sanduna biyu, yana kuma ta yi wa yara tsiya kamar yadda ya saba. Ana gobe Larabar Toka, ranar fara azumi, mota ta buge shi, sai a makon Ista aka sallame mu. Kwana arba'in na azumin bana a gefen gadon asibiti na yi su. Shi ya sa na yi shiru, kuna ta kira ba na ɗauka. Ku yi mini gafara.

Godiya ta farko ga Ubangiji. Bayansa, samari huɗun da suka ba da jini a daren farko. Biyu daga cikinsu ban ma san su ba, ɗaya kuma maƙwabcinmu ne Musulmi wanda ya bar aikinsa ya zo ba wanda ya kira shi. Likitoci da nas-nas, musamman wadda take wanke ciwon da asuba tana jan shi da hira don kada ya kalla, Allah ya saka muku.

Akwai abin da nake so in faɗa, ko da za a ga baƙina. A makon farko, duk wanda ya ce mini “ki haɗa wahalarki da ta Yesu”, ji nake kamar in rufe shi da faɗa. Tun ina yarinya nake jin wannan magana, ni ma na sha faɗa wa wasu ita, amma ranar da likita ya miƙo mini takardar yanke ƙafa in sa hannu, ba ta shige ni ba ko kaɗan. Addu'ar da ta iya fita daga bakina ita ce ta Yesu kansa a Golgota: Allahna, Allahna, don me ka yashe ni? Da na gaya wa Fada, limamin cocinmu, haka ina kuka, bai tsawata mini ba. Cewa ya yi ai farkon Zabura ta 22 ke nan, in ci gaba da karantawa har ƙarshe.

Maigidan ne ya koya mini sauran. Zafin ya fi tashi tsakar dare, har a ƙafar da babu ita yake jin sa. Sai ya damƙe ɗan gicciyen da ke jikin carbinsa, ya ce, “Maman yara, wannan awar ta wane ce.” Wato ya miƙa zafin ga Allah domin wani: ya ambaci yaron da ke gadon kusa da mu, ko ƙaninsa da ya daina zuwa coci, ran nan har direban da ya buge shi. Wannan na ƙarshen ban ce amin da sauri ba, gaskiya. Fansarmu Almasihu ya gama ta sau ɗaya tak a kan gicciye, ba abin da ya rage a biya, hadayar nan ce kuma ake kawo mana a kowace Mas. Amma ya bar mana ƙofa mu shigo da namu ciwon cikin nasa, kamar yadda Bulus ya rubuta a Kolosiyawa 1:24. Paparoma John Paul na biyu ya yi doguwar wasiƙa a kan wannan a 1984. Ni dai a tafin hannun mijina na karanta ta, inda gicciyen ya bar shaida.

Iyaye mata da kuka riƙa zuwa kowace Juma'a kuna yin Hanyar Gicciye da mu a ɗakin, murya ƙasa-ƙasa don kada a dami sauran majinyata, na gode. Cikin zango 14 na wannan addu'ar, na biyar ne ya riƙa tsayar da ni: Saminu Bakurane, uban Iskandari da Rufus, yana dawowa daga ƙauye aka tilasta masa ɗaukar gicciyen da ba nasa ba. Na san wasunku ma ba da shiri kuka faɗa cikin lamarinmu ba. Akwai wanda ya ɗauki yaranmu uku ya haɗa da nasa har wata guda da rabi, akwai wadda ta kwana tana jinya don in samu in runtsa. Ba ku so a ambaci suna, to ba zan ambata ba.

Wanda kuma ya zo dubiya ya ce mu binciki kanmu ko akwai zunubin da ya jawo wannan, na yafe masa. Ya duba Yohanna 9:3 in ya samu lokaci.

Ranar Juma'a Mai Tsarki, ranar da ba a yin Mas, ba mu samu zuwa sumbatar gicciye da ƙarfe uku ba. Da yamma sai ga Katikis da Jibi Mai Tsarki, wato Jikin Almasihu, da gicciyen katako a naɗe cikin jan ƙyalle. Maigida ya sumbaci ƙafafun Yesu, ya daɗe bai ɗago ba. Baba Katikis, Allah ya ƙara maka lafiya.

Lahadi mai zuwa za mu yi godiya a Mas ta safe. Maigida ya rantse shi zai kai baiko gaban bagade da kansa, don haka ku yi haƙuri da mu, jerin zai yi tafiyar hawainiya.