Sana'ar Kai Baƙi Dutsen Chambers Pillar

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a garin Alice Springs da ke tsakiyar Ostiraliya, kuma dukiyar kamfanin ba ta wuce motoci biyu masu jure yashi da direba ɗaya ba. Wurin da muka fi kai baƙi shi ne Chambers Pillar, wani dogon dutse mai kama da ginshiƙi wanda ya tashi kimanin mita 50 a tsakiyar fili, kilomita 160 kudu da garin.

Rabin aikin a gareji ake yin sa tun kafin asuba, domin hanyar ba ta yafe sakaci. Muna loda jarkokin ruwa, da tayoyin safaya biyu, da shebur, da wayar tauraron ɗan'adam, tunda wayar salula takan mutu da zarar an yi nisa da gari. Bayan an wuce gandun kiwon shanu na Maryvale sai gargada ta tsananta har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa, sannan a tarar da jajayen tuddan rairayi, inda nake sauka in rage wa tayoyi iska, in kafa doguwar tuta a gaban mota saboda mai tahowa daga bayan tudu ya hango mu. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ba na karɓar kowa, ko nawa zai biya, domin zafi yakan haura digiri 40.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne bayani a gindin dutsen. Yawancin baƙi sunayen da aka sassaƙa a jikinsa suke ɗokin gani. Sun karanta cewa John McDouall Stuart ne Baturen farko da ya iso wurin a watan Afrilu na 1860, ya raɗa masa sunan James Chambers, attajirin da ya ɗauki nauyin tafiyarsa, kuma matafiya sun daɗe suna gane hanya da shi kafin layin dogo ya iso yankin. Ni kuwa nakan sa su dakata, in fara da labarin masu ƙasa, wato 'yan asalin yankin, waɗanda suke kiran dutsen Itirkawara. A wurinsu wani kaka ne na farkon zamani mai siffar tsaka, wanda ya ɗauki yarinyar da dokar dangi ta haramta masa, aka kore su, suka zauna a cikin yashi har suka zama duwatsu. Yarinyar ita ce dutsen Castle Rock da ke kusa, ta kau da kai saboda kunya. Iyakar abin da masu labarin suka yarda a bayyana nake faɗa, ba na ƙara masa gishiri don in burge kowa.

Na lura cewa wanda ya fara jin wannan yakan hau matakalar da ke gindin dutsen a natse. Duk da haka, a bara na kama wani baƙo ya zaro makulli yana shirin karce sunan matarsa a ƙarƙashin wani tsohon rubutu, yana cewa ai na da ma haka suka yi. Na riƙe masa hannu, na gaya masa cewa yanzu laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma takardar izinin kamfanina ce za ta fara tafiya. Bai sake yi mini magana ba har muka koma gari da daddare, amma ya biya kuɗinsa cif.