Haibirid ta gwani daban, ta irinmu daban

Sandunan golf biyu ne, kowacce an buga 19 a gindinta, wato digirin kwanciyar fuskarta, kowacce sunanta haibirid, wato sandar da aka haɗa siffar ayon (sanda mai siririn kan ƙarfe) da ta sanda mai ƙaton kai ta dukan nesa. Ɗaya ta ɓata mini wasa tun daga hunturu har damina ta yi nisa, ɗayar kuma ita ce yanzu nake fara laluba a jaka idan rami ya yi tsawo. Har yau abin yana ci mini rai.

A Gusau nake zaune. Golf ɗina na cikakken fili sai aiki ya kai ni Kaduna ta hanyar Funtua da Zariya. Sauran lokaci wani fako nake zuwa a bayan gari bayan la'asar, in zube ƙwallaye in yi ta duka. Handikaf ɗina, wato lambar auna gwaninta wadda ƙarancinta ke nuna iyawa, ya haura 20, kuma ayon mai lamba 3 da 4, na dukan nesa, ba su taɓa ɗaga ƙwallo sama a hannuna ba. Wani ubangidana da ya yi ritaya, wanda handikaf ɗinsa bai kai 10 ba, shi ya ce in ajiye su in nemi haibirid. Wannan gaskiya ce. Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ka sayi mai ƙaton kan nan, hagu za ta riƙa kai ka. Ga tawa, zan bar maka." Na ce, "Yallaɓai, na gode," na biya kuɗin da ya isa sayen ragon layya.

Hagu za ta riƙa kai ni! Ni da ƙwallona bai san hanyar hagu ba tunda na fara wasa. Ciwona dama ne: in buga, ƙwallo ya tashi da ƙyar, ya lanƙwasa ya faɗa ciyawa ta hannun dama. Hagu ciwonsa ne shi. Gwani mai saurin hannu yana rufe fuskar sanda da kansa lokacin duka, don haka abin da yake tsoro shi ne sandar da za ta ƙara rufewa, ko ta cilla ƙwallo sama iska ta kwashe. Saboda irinsu ake ƙera haibirid mai ɗan ƙaramin kai, fuska a miƙe ko ma a ɗan buɗe, nauyin kan an matso da shi gaba kusa da fuska don ƙwallo ya tafi ƙasa-ƙasa ba tare da juyi mai yawa ba. Ƙotar kuma mai tauri ce mai nauyi. Tasa an rubuta S a jiki, giram 85. Duk abin da aka yi wa sandar nan an yi shi ne don a hana ƙwallo tashi da yawa da kuma zuwa hagu, ni kuwa tashin da ɗan karkatar hagun nake nema ido rufe. Kamar ka ba mai koyon hawa dokin sukuwa ne.

Abin da ya sa na daɗe ban gane ba shi ne ranin ƙasarmu. Ƙasa ta bushe ƙayau, ƙwallo ko bai tashi ba zai faɗi ya yi ta gangarawa. A fakon da nake atisaye sai in taka in ga ya yi nisa, in ce ashe sanda tana aiki, ni ne dai hannuna bai faɗa ba. Da ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro, asiri ya tonu. Ƙwallo ya daina gangarawa, inda ya faɗi nan yake tsayawa, kuma nisan da yake yi a iska bai wuce na ayon ɗina mai lamba 6 ba. Akwai wani rami da sai ka tsallake kwari, a nan na yi asarar ƙwallaye har na daina ƙirgawa.

Yaron da ke ɗaukar mini jaka ne ya fitar da ni. Ya juya sandar ya kalli gindinta, ya tanƙwara ƙotar kaɗan, ya ce, "Oga, wannan ai ta manya ce. Bari in aro maka wata ka gwada." Ya kawo wata tsohuwa duk ta koɗe, ita ma 19. Da na ajiye su gefe da gefe sai na ga bambancin da idona. Kanta ya fi faɗi daga gaba zuwa baya, gindin shimfiɗaɗɗe, fuskar ta ɗan ja baya daga layin ƙota, ƙotar R ce, wadda ta fi S laushi, mara nauyi. Nauyin kan yana can ƙasa ta baya, shi ke ɗaga ƙwallo, kuma shi ke hana kan murɗewa idan ba ka dace da tsakiyar fuska ba. Dukan farko ma a bakin fuska na same shi, amma ƙwallo ya tashi, ya tsallake kwarin, ya sauka a tsakiya. Na tsaya ina kallo, ga daɗi ga takaici.

Daga baya na miƙa wa ubangidan nawa irinta da na saya, na ce ya gwada. Ya buga, ƙwallo ya yi sama ya lanƙwasa hagu ya shige bishiyoyi. Ya ce, "Ka gani ko? Abin da na gaya maka ke nan." Bai yi ƙarya ba, a hannunsa haka take. Har gobe bai yarda cewa shawararsa ce ta jefa ni ba, ni kuma ban ja da shi ba, babba ne.

Masu cewa haibirid sandar ragwaye ce, su je su duba yadda Todd Hamilton ya ci gasar Open a Royal Troon a 2004, da haibirid ya gangaro da ƙwallo kusa da rami ya kayar da Ernie Els. Y.E. Yang ɗan Koriya ta Kudu ma da ita ya yi dukan da ya rufe wasa a ramin ƙarshe na gasar PGA ta 2009, ranar da ya doke Tiger Woods. Gwanaye suna riƙe ta, sai dai tasu ba tamu ba ce, ko da tambarin kamfani ɗaya ne. Kamfanoni da dama suna fitar da iri biyu a shekara guda, kuma mai ƙaramin kan sau da yawa ana liƙa mata kalmar Tour ko Pro. In ka ga haka a kayan gwanjo kana ɗan koyo, ajiye ta, komai arharta.

In gwani ya ba ka shawara, fara tambayarsa ina ƙwallonsa yake zuwa idan ya ɓata duka. In ya ce hagu kai kuma naka dama ne, to maganin nasa ciwon yake rubuta maka. Kada ka auna sanda da inda ƙwallo ya tsaya a rani. Sa yaro ya tsaya can gefe ya nuna maka inda ya fara taɓa ƙasa. Kuma da na sani da 22 zan fara, ba 19 ba, don mai hannu irin nawa ƙarin kwanciyar fuska yana ƙara masa nisa a iska. Ita ce nake nema yanzu, in ta samu ayon mai lamba 5 ma zai bar jakar, tunda doka sanda 14 ta yarda a ɗauka.