Talata da dare, ni da Hajiya a gaban kwamfuta

Sanyi ya sauko sosai yau. An kawo wuta tun la'asar, na yi guga, Hanifa ta yi hadda ba tare da rigima ba, Abbanta ya kira ya ce sai Juma'a zai dawo. Da ranar ta tsaya a nan da tuni na yi barci.

Bayan isha'i na buɗe bidiyon nan na Milton Erickson da na sauke da datar dare. Wata na uku ke nan ina bin irin waɗannan bidiyoyi na kwantar wa majiyyaci hankali da magana. Littafina ya kusa cika. In ya faɗi jimla sai in tsayar, in rubuta, in nemi yadda za ta zauna a bakin Bahaushe. Kuma saboda tsohon yana jan magana, muryarsa ba ta fita sosai, na saba ƙara wa bidiyon gudu don in gama kafin barci ya ɗauke ni.

Ina cikin haka Hajiya ta shigo da mayafinta na sanyi, a auna mata jini. Ta zauna a gefen gado tana leƙen allon.

"Wane ne wannan dattijo a keken guragu?"

"Likitan ƙwaƙwalwa ne, Hajiya, a Amurka. Ya rasu tun 1980. Shan inna ce ta kama shi yana ɗan shekara 17."

"Allah sarki. To me yake yi wa baiwar Allahn nan ta rufe ido? Ba dai irin na masu rufa-ido ba?"

Na yi mata bayani iya iyawata. Na ce hifnosis ake kiransa, kuma duk da sunan daga kalmar barci ta Girkanci ya fito, matar ba barci take ba. Tana jin komai, in ta ga dama ta buɗe ido ta tashi. Hankalinta ne ake tattarawa wuri guda da magana, har jiki ya saki, abin da ke damunta ya ja baya. Hajiya ta ce, "Ke dai ki riƙe addu'o'inki." Na ce in sha Allahu. Sai ta ce, "To wannan saurin na mene ne, kamar ana korarsu? Mayar da shi yadda Allah Ya yi shi."

Na mayar. Ta yi shiru tana kallo, ita da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Can ta nuna allon da carbinta.

"Kin lura ba ya magana sai ta sauke numfashi? Dubi kafaɗarta. Jiranta yake yi."

Na koma baya na sake kallo. Na sake. Wallahi haka ne, kusan kowane karo. Kafaɗar matar ta ɗaga, ya yi shiru. Ta sauka, sai ya ɗora kalmarsa a kai, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai a faifai. In numfashinta ya yi tsawo, shirunsa ma ya yi tsawo. Wata uku kunnena na kansa, idona na kan biro, ban taɓa kallon kafaɗar matar ba. Gudun da nake ƙarawa kuwa shirun nan yake cinyewa.

Da farko daɗi na ji, har na riƙe hannun Hajiya. Daga baya ne yaron da na wanke wa ƙuna da safe a asibitinmu ya faɗo mini a rai, daɗin ya gushe.

Shekararsa huɗu. Ruwan wanka ne ya kife masa a cinya, irin abin da muke gani duk hunturu. An ba shi maganin rage zafi kafin mu fara wankin ciwon, amma da na taɓa bandejin sai ya ƙwalla ihu, uwarsa ta danne shi tana hawaye. Ni kuwa me nake faɗa? "Ba zafi, ba zafi, yanzu za a gama, ba zafi." Da sauri, da ƙarfi, ina neman muryata ta rufe tasa. Akwai wasu suna jira a layi, hannuna na gaggawa, bakina ya fi hannuna gaggawa.

Abin da ya fi ci mini rai, na san illar wannan. Yana nan a littafina da jan biro: binciken Elvira Lang, likitar hoto a Boston, wanda ya fito a 2005, ya nuna cewa gargaɗin majiyyaci da kalmomi irin su zafi da raɗaɗi yana ƙara masa jin zafin da fargaba. Ni sau nawa na zuba wa yaron nan kalmar a kunne? Kuma ba gaskiya na faɗa masa ba, akwai zafi, shi ya fi kowa sani. Idona na kan ciwon tun farko har ƙarshe. Ko sau ɗaya ban dubi ƙirjinsa na ga yadda yake numfashi ba.

Ba na mafarkin magana ta maye gurbin allura. Ko Marie-Elisabeth Faymonville da ta fara amfani da hifnosis a ɗakin tiyata a Liyej ta Beljiyam tun 1992, har da aikin maƙoƙo, da allurar kashe wurin da ɗan maganin kwantar da hankali take haɗawa. Kuma ba zan sa majiyyaci cikin wannan yanayi don na kalli bidiyo ba. Bidiyo ba ya juyowa ya dube ni ya ce nan kin yi kuskure, sai malami na tsaye a kaina. Sannan ɗakunan da ake ɗauka shiru suke, kujera biyu, mutum ɗaya da ya zo da yardarsa. Namu ɗakin gado goma sha biyu ne da kukan jarirai.

Amma jiran numfashin yaro kafin in buɗe baki, wannan ba sai da takardar shaida ba. Na iya yinsa da safe, ban yi ba.

Na kashe sautin gaba ɗaya, muka sake kallon minti goma ni da Hajiya, ba wanda ya ce uffan. Na rufe littafin na tura shi ƙarƙashin matashi. Da ta tashi tafiya ta ce gobe in kira ta in zan kunna na gaba.

Sai da na ji ta ja ƙofarta na ga na'urar awon jinin a kan gado, ko buɗe ta ban yi ba. Da asuba in sha Allahu, kafin ta sha magani.

Wankin yaron na gaba ranar Alhamis ne. Na duba jadawali, ni ce a kai.