Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Aka Jefa Ƙuri'ar Yaƙi

A makon jiya mun tsaya inda na bar ɗakin kwanan jami'a na koma wani tsohon gidan katako kusa da titin Mifflin a garin Madison, jihar Wisconsin. Cikin mu da muke hayar gidan ni kaɗai ne baƙar fata, ni kaɗai ne Musulmi, kuma ni kaɗai ne yaƙin Biyetnam bai rataya a wuyana ba, saboda bizar karatu gare ni. Sauran duk samari ne 'yan ƙasa, kowa da katin rajistar soja a aljihunsa, domin doka ta wajabta wa duk namijin da ya cika shekara 18 ya yi rajista, ya kuma riƙe katin duk inda za shi.

Ƙarshen 1969 ke nan. A farkon shekarar sojan Amurka da ke Biyetnam ta Kudu sun haura rabin miliyan, sai Shugaba Nixon ya fara janye su kaɗan-kaɗan. Hujjar yaƙin tun zamanin Shugaba Eisenhower ɗaya ce: in Biyetnam ta faɗa hannun 'yan kwaminis, maƙwabtanta za su bi ta ɗaya bayan ɗaya. A gidanmu babu mai ta wannan hujja. Abin da ke hana samarin barci shi ne wa za a kira.

Kafin lokacin, kwamitin kowace gunduma ke zaɓen wanda zai tafi. Ɗalibin jami'a ana ɗaga masa ƙafa har ya gama digirin farko, don haka ɗan mai hali ya fake a aji, ɗan lebura da baƙar fata su ɗauki bindiga. Da surutu ya yi yawa sai gwamnati ta ce to, a bar wa sa'a. Ranar Litinin 1 ga Disamba, a Washington, aka zuba ƙananan kwanso 366 cikin wani babban tulun gilashi, kowane ɗauke da rana ɗaya ta shekara. Duk namijin da aka haifa daga 1944 zuwa 1950, lambar da ranar haihuwarsa ta samu ita ce layinsa. Abin ya yi mini kama da rabon watanda, sai dai a nan kowa addu'a yake kada kasonsa ya fito da wuri.

Azumi ake yi, muna cikin goman ƙarshe. A wannan sanyin rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar, saboda haka na riga na sha ruwa na yi sallah lokacin da suka taru gaban talabijin, da rediyo a gefe. Wani ɗan majalisa, Alexander Pirnie, ya zaro na farko: 14 ga Satumba. Na biyu 24 ga Afrilu. Na uku 30 ga Disamba. Na huɗu 14 ga Fabrairu.

Abokin ɗakina, wanda nake yi wa laƙabi da Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa a hankali. Yana cikin ɗaliban da nake taimaka wa da Hausa a Sashen Harsuna da Adabin Afirka, shekararsa ta ƙarshe kuma. Ya dube ni ya ce, da Hausarsa ta aji, "Malam, ni ne." Na ce, "Dogo, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Bai gane duka ba, amma ya gyaɗa kai, ya tashi ya fita waje ba ko rigar sanyi.

Saura suka ci gaba da saurare har dare ya raba. Ɗaya ya samu lamba sama da 300, ya yi ihu, sannan ya tuna da Dogo ya kama bakinsa. Suka matsa sai na faɗi tawa ranar. Na ce mu a garinmu da shekarar fara ko ta yunwa ake lissafi, magatakardan da ya cike mini takardun fasfo ne ya rubuta 1 ga Janairu don ya huta. Aka duba, 305. Aka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Abin da na lura da shi bayan nan shi ne ya zauna mini a rai har yau. Wata ɗaya da rabi kafin ƙuri'ar, ranar 15 ga Oktoba, gidanmu kaf suka fita zanga-zangar ƙin yaƙi da aka yi a faɗin ƙasar. Bayan ƙuri'a, mai lamba 300 ya fara samun uzuri. Yau jarrabawa, gobe budurwa. Ban ce munafuki ba ne, yaron kirki ne, ra'ayinsa ma bai canza ba. Zafin ne ya ragu da wuta ta bar gefensa. Ni a ganina Nixon ya san haka sarai. A dare ɗaya ya raba samarin ƙasar gida biyu, waɗanda suka tsira da waɗanda aka kama, kuma a 1970 kiran bai wuce lamba 195 ba.

Da hutun Kirsimeti Dogo ya ɗauke ni zuwa gidansu, gonar shanun madara a arewa da Madison. Ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara. Mahaifinsa dattijo ne mai kaurin hannu, ba ya son yawan magana, kuma da farko kallon nesa-nesa yake yi mini. Da asuba na bi shi garke inda ake tatsa da inji, na ga wani hoto a bango yana saurayi cikin kaki. Na tambaya, ya ce New Guinea, yaƙin Japan. Na ce, "Baba, ai kawuna ma ya yaƙi Japan, a dajin Bama, ƙarƙashin Ingila." Ya tsaya da abin da yake yi, ya dube ni sosai. Daga ranar bakinsa ya buɗe.

A wurin wannan tsoho na fahimci siyasar Amurka fiye da yadda na fahimce ta a harabar jami'a. Ya ce shi ɗan jam'iyyar Dimokurat ne tun tasowarsa. Ya zaɓi Kennedy, ya zaɓi Johnson a 1964 lokacin da ya lashe kashi 61 cikin ɗari. Yaƙin nan ya cinye Johnson, har ranar 31 ga Maris 1968, saura kwana biyu a yi zaɓen fid da gwani a Wisconsin, ya fito ya ce ba zai sake takara ba. Sannan aka yi taron jam'iyya a Chicago a watan Agusta, 'yan sanda da matasa suna ba hamata iska a titi, duniya tana kallo. Ya ce daga ranar ya san gidan ya rushe, a Nuwamba ya jefa wa Nixon.

Na ce, "Baba, ke nan kana goyon bayan yaƙin?"

Ya ce, "Ɗana, wanda ya ga yaƙi ba ya son yaƙi. Ban san me muke nema a can ba. Amma in ƙasa ta kira ka, sai ka amsa. Yaran da ubanninsu ke biya musu makaranta su ƙona tuta, ɗan maƙwabcina kuma a dawo da shi cikin akwati, wannan ne ba zan haɗiye ba."

Irinsa Nixon yake nufi a jawabinsa na 3 ga Nuwamba 1969, da ya nemi goyon bayan masu rinjayen da ba sa ɗaga murya. Mu da ke Madison muna ganin kamar duk Amurka ta juya wa gwamnati baya, alhali tafiyar awa ɗaya a mota ta isa ka shiga wata ƙasa dabam. Mutanen nan yaƙin ya ishe su, amma masu zanga-zangar sun fi isar su. A teburin cin abinci uba da ɗa ba su ta da maganar lamba 4 ba ko sau ɗaya. Uwar ce na tarar a madafa tana share hawaye da bayan hannu.

A tsakiyar Janairu 1970 labari ya zo cewa yaƙinmu na gida ya ƙare, Biyafara ta miƙa wuya. Na yi sujada. Waɗanda suka saba tare ni da tambayar yunwar Biyafara suka sake ni, suka koma kan tasu.

Tasu kuwa ta ƙara ƙazanta. Ranar 30 ga Afrilu Nixon, wanda ya yi alkawarin rage yaƙi, ya ce sojansa sun shiga Kambodiya. Ranar 4 ga Mayu dakarun jihar Ohio suka buɗe wuta kan ɗalibai a jami'ar Kent State, huɗu suka mutu, tara suka ji rauni. Madison ta kama da wuta. Gwamna Warren Knowles ya turo dakarun jiha, aka yi kwanaki ana jifa ana harba barkonon tsohuwa, har sai da muka riƙa toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul. Karatu ya tsaya cik. Ni dai na lafe a ɗaki, don baƙon da aka kama a tarzoma jirgi za a sa shi.

Ranar 8 ga watan, a New York, leburorin gini da hulunansu na kwano suka far wa ɗalibai masu zanga-zanga da duka. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 58 cikin ɗari sun ɗora laifin Kent State a kan ɗaliban, kashi 11 kacal a kan masu harbin. A tsakiyar watan 'yan sanda suka kashe samari biyu baƙaƙen fata a kwalejin Jackson State da ke Mississippi. Wannan kam bai yi rabin ƙarar na farko ba, kuma ba na bukatar a gaya mini dalili.

Dogo ya gama a watan Yuni. Aka kira shi gwajin lafiya a Milwaukee, ya ci. Gaba kura, baya sayaki. Dubban samari sun tsallaka Kanada, akwai ma masu shirya wa mutum hanya a garin. Ya kwana biyu da taswira a gabansa. Daga ƙarshe ya ce mini in ya tsallaka, ba zai ƙara taka garken ubansa ba, ko da gwamnati ta yafe. Na raka shi tashar bas, ya bar mini littattafansa na Hausa ajiya, ya ce, "Malam, sai na dawo." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya dawo da kai lafiya."

Wani ɗalibin lissafi ya karɓi gadonsa a ɗakin. Shi ne ya fara kwatanta mini ginin Sterling, inda cibiyar binciken lissafi ta rundunar soja take, wadda masu zanga-zanga suka daɗe suna neman a rufe. Daren 24 ga Agusta, ƙarfe 3:42 na asuba, ina kwance na ji ƙarar da ta girgiza tagoginmu, na diro daga gado ina salati.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.