Rediyon da Ya Kulle Kansa a Tsakiyar Tafiya

Tafiyar mai nisa ce, irin wadda sai an kwana a hanya, ni da Yayana a motarsa da ya saya a hannun wani. Shi ke tuƙi, ni aikina hira da duba taswira a waya. Yinin farko babu abin faɗa: kwalta, manyan motoci, rana, rediyo na ta surutu har muka sauka a masauki da daddare.

Da asuba mota ta ƙi tashi. Yaya ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai, fitilun dashbod suka dusashe. Batir ne ya tsufa, sanyin dare ya ƙarasa shi. Kafin hantsi an ɗaura sabo, inji ya tashi bugu ɗaya. Sai da muka bar gari Yaya ya miƙa hannu ya kunna rediyo, maimakon murya sai ga haruffa huɗu a fuskarsa: CODE.

"Shi kuma wannan me ya same shi? Ko mai batir ya ƙona mini shi?"

Na ce, "Bai ƙone ba, Yaya. Kulle kansa ya yi."

Rediyon mota ba ya bambance mai mota da ɓarawo. Akwai wayar da ke ba shi wuta dare da rana, ko da motar a kashe take. Da zarar wutar nan ta yanke, ko don an cire batir, ko fiyus ya ƙone, ko an zare shi daga mazauninsa, sai ya ɗauka sace shi aka yi, ya ƙi aiki har a ba shi lambar sirri. Kamfanoni sun ɓullo da dabarar ne a zamanin da fasa gilashi a zare rediyo ya zama ruwan dare, don rediyon sata ya rasa mai saye. Dabarar ta yi, amma a ganina yanzu ta fi wahalar da masu motar hannu, domin katin da lambar ke kai yakan ɓace tun a wurin wanda ya fara sayen motar.

Yaya ba ya tuƙi shiru, ya ce rediyo ne ke hana shi gyangyaɗi. Yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya ya fara canke, 1234, sai shekarar haihuwarsa. Ina cikin cewa ya dakata rediyon ya daina karɓar komai, ya shiga zaman jira. Haka aka ƙera su. Na Volkswagen yakan nuna SAFE, kuskure biyu ya isa a jira awa guda. Na Honda yakan yi haƙuri har sau goma. Wasu na Ford kuwa idan kuskure ya yi yawa sukan kulle gaba ɗaya, sai an kai wa wakilin kamfani.

Muka tsaya a inuwar wata bishiya muka zazzage durowar gaba. Tsofaffin rasitai, biro marar tawada, littafin motar. Babu kati, amma a shafin ƙarshe na littafin wani ya rubuta lambobi huɗu da hannu. Yaya ya yi hamdala. Da jiran ya ƙare muka shigar da su a tsanake, rediyo ya ƙi, ya sake komawa jira.

Daga nan hanyar ta shiga tsaunuka, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Sai ka ji ƙarar taya da iskar da ke shigowa ta gefen gilashi, abubuwan da jiya ba mu ma san da su ba. Na tilasta wa kaina hira don kada barci ya ɗauke shi, har labaran yarinta da muka manta muka tono. A kan wani tudu sabis ya kama, na karanta abin da ya kamata. Lambar sirri tana bin lambar siriyal ta jikin rediyon ne. A motocin Honda da yawa daga 2001 zuwa sama, idan ka danne maɓalli na 1 da na 6 sannan ka kunna rediyon, siriyal ɗin zai fito a fuskarsa. Lambar siriyal ta Ford takan fara da M ko V sai lambobi shida, ta Volkswagen da VWZ. Muka gwada dabarar 1 da 6, namu ko gezau. Irin wanda sai an zaro shi ne. Na ga shafuka barkatai masu sayar da lamba ga duk wanda ya turo siriyal, ban yarda mu miƙa kuɗi ga wanda ba mu san ko waye ba alhali akwai babban gari a gabanmu.

Bayan azahar muka shiga garin, muka nemi wakilin kamfanin motar. Mai gyaran wuta ya zo da wasu siraran ƙarafa biyu, ya zura su a ramukan gefen rediyon, ya janyo shi kamar durowa. Ga takardar siriyal manne a samansa. Ma'aikacin da ke kan kwamfuta ya nemi takardun mota da katin shaida.

Yaya ya ce, "Motata ce fa."

"Ranka ya daɗe, duk wanda ya shigo nan haka yake cewa."

Ban ga laifinsa ba, don in za a ba kowa lamba da baki kawai, kullen bai da amfani. Ya sa aka karanto lambar shasi daga ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Haruffa da lambobi 17 ne, tsarin da ake bi tun 1981. Yaya ya ambaci harafin O, ma'aikacin ya ce sifili ne, domin ba a sa I da O da Q a lambar shasi ko kaɗan, don kada a rikita su da 1 da 0.

A nan asiri ya tonu. Siriyal ɗin da kwamfuta ta nuna wa motar daban, wanda ke jikin rediyonmu daban. Wato an taɓa canza rediyon, lambar da ke cikin littafi kuma ta na asalin ce. Ma'aikacin ya ɗan yi jim, don abin ya yi kama da rediyon sata. Yaya ya kira wanda ya sayar masa da motar, mutumin ya ce na farkon ne ya lalace ya sayi wannan, ya lalubo rasit ya turo hotonsa. Sai a lokacin aka rubuto mana lambobi huɗu a 'yar takarda.

Mai gyaran wuta yana mayar da rediyon yana ba Yaya shawara. Ya ce akwai ƙaramar na'ura da ake soka wa a kafar OBD, wato inda ake haɗa na'urar gwajin mota, mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta riƙe wuta yayin canza batir, rediyo ba zai ma san an yi ba. Ya ce sababbin motoci da yawa sun huta da wannan, rediyonsu da kwamfutar motar sun san juna, in ya ga gidansa ne sai ya buɗe da kansa. Ya kuma gargaɗe mu cewa jiran da ke kan namu ba ya ƙirguwa sai rediyon yana kunne, kashe shi na mayar da lissafi farko.

Wannan bai dame mu ba, tunda tafiya ce a gabanmu. Muka bar shi a kunne muka miƙa. Rana ta yi sanyi lokacin da CODE ya dawo. Yaya ya gangara gefen titi ya tsaya sosai, ni na shigar: maɓalli na 1 ake ta dannawa har lambar farko ta fito, na 2 don ta biyu, haka har ta huɗu, sannan a danne na tabbatarwa. Sai shuuu, ƙarar tashar da babu kowa. Duk tashoshin da ya ajiye sun goge, agogo ma sai da aka saita shi.

Yaya ya ce in rubuta lambar da babban baƙi in manna a dashbod kusa da rediyon. Na ce ai wannan kyauta ce ga ɓarawo. Na ajiye ta a wayata da tasa, haɗe da siriyal ɗin, na soke tsohuwar da ke cikin littafi don kada ta yaudari wani. Bai gamsu ba, ya ce waya ma ɓacewa take yi. Da wannan gardamar muka shiga garin da za mu, ana kiran magariba, shi yana tuƙi ni ina laluben tashar da ya saba ji.