Dutsen da ke falon Kawu

Laraba. Sanyi ya fara cizo, wuta kuma tun asuba babu, sai janareta.

Da hantsi Kawu ya shigo shago da hoton da autansa ya turo masa daga Limbe, wani gari a bakin teku a Kamaru. So yake a wanke shi babba, inci 20 da 30, a sa firam ya rataya a falo. Baƙin yashi, kwalekwalen masunta a jere, can baya ga dutse mai tsini, kore shar. A ƙasa kuma a rubuta "Dutsen Kamaru, mita 4,040".

Na ce, "Kawu, a gafarce ni, wannan Etinde ne, ƙaramin da ke gefen babban. Mita 1,700 ne da 'yan kai."

Ya ce, "Kai ɗan nan! To ai ko Shere ɗinmu ya fi shi."

A lissafi ya fi shi ɗin, Shere mita 1,829 ne. Sai dai Shere a kan tudun Jos yake zaune, garin nan kansa ya kai mita 1,200 sama da teku. Etinde kuwa daga bakin ruwa ya miƙe, duk tsawonsa a idonka yake, shi ya sa baƙo ke ɗauka shi ne babban. Babban ba shi da tsini irin wannan, shimfiɗaɗɗe ne kamar bayan giwa, kuma yawancin yini a rufe yake. Iska mai laima ta taso daga teku, ta daki gangaren, ta hau, ta yi sanyi, shi ke nan gajimare ya lulluɓe shi. Ƙauyen Debundscha da ke gindinsa ta yamma ruwan da take sha a shekara ya kai milimita 10,000, mu nan ko 1,500 da ƙyar.

Mai son ya kama babban a hoto sai ya yi sammako, tsakanin shida da bakwai na safe, kafin rana ta ɗumama ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba kada ma a wahala, ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan dusashe shi. Nuwamba ya fi, ruwa ya ja baya, sama ta wanku. Kuma daga garin Buea da ke jikin dutsen aka fi ganinsa, daga Limbe a bi ta Mutengene a hau. A bakin teku baƙin yashin nan yaudarar kyamara yake, ta buɗe haske da yawa, sama ta fito fari fat, dutsen ya ɓace a ciki. A taɓa sama a fuskar waya a rage hasken kafin a ɗauka, a kuma riƙa goge gilashin saboda feshin gishiri.

Duk na zayyana masa. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Falon nawa ne ko naka? Rubuta abin da na ce."

Na ce to.

Abin ya tsaya mini a rai har la'asar. Ranar sallah falon nan cika yake, jikoki za su karanta, su tafi da shi makaranta. Gani nake ma yaron ya san gaskiya, don dai tsoho ya ji daɗi ne ya ce masa babban ne. To ni wane ne da zan shiga tsakani?

Hoton ma kansa ta WhatsApp ya zo, a matse. In aka ja shi inci 30 ganyen dutsen zai dagargaje ya zama tabo-tabo. Na tura wa yaron saƙo ya sake turowa a matsayin fayil, kada ya bi ta wajen hotuna. Har yanzu shiru.

Masa da miyar taushe da rana. Dankali ya ƙara kuɗi a Farin Gada, in ji maman yara. Tawadar shuɗi ta kusa ƙarewa, gobe sai kasuwar Terminus.